Tattarar Goggo Azumi

A unguwar Ɗan Iya, mace mai ido in ta shiga ɗakin amarya ba ta tambayar wa ya ɗinka labule. Ɗaga kai take yi ta dubi samansa. In ta ga ninki uku-uku a tsaye, kowanne an ɗaure ƙugunsa da zare, tazarar da ke tsakaninsu ba wadda ta fi wata, to ta san hannun Goggo Azumi ya biyo ta ɗakin. Tattarar Azumi ake ce wa wannan ɗinki, har waɗanda ba su taɓa ganin mai sunan ba haka suke kiransa. Ita kuwa yatsa uku take ce masa, don da yatsunta uku take kama kowane ninki ta matse shi kafin allura ta shiga.

Doguwa ce siririya, da tabarau wanda aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da baƙin zare, kullum kuma da allura soke a gefen ɗankwalinta. Iyayenta makiyaya ne daga wajen Zungur, shanu suka ƙare suka shigo gari tana 'yar shekara tara. Ta auri Malam Fakhruddeen, akawu a wata ma'aikatar gwamnati, mutum mai sanyin hali wanda ya gane tun da wuri cewa a gidansa magana ta Azumi ce, ya kuma zauna lafiya da hakan har Allah ya karɓi ransa. Allah bai ba su haihuwa ba.

Ba wanda ya koya mata ɗinkin labule. Wata rana matar ogan mijinta ta sake labulen gidanta, ta aiko mata da tsoho guda, wai ta tare ƙofar kicin da shi. Da wata ce, da ta rataya ta huta. Azumi sai ta shimfiɗa shi a tabarma, ta sa reza tana farke kansa zare bayan zare, tana so ta ga abin da ya sa ninkin ya tsaya ƙyam bai lanƙwashe ba. Yini biyu ta yi a kai. Malam ya ci tuwon da ya kama ya yi haƙuri. A rana ta uku ta mayar da labulen yadda yake, a ta huɗu ta je kasuwar Wunti ta yanko yadi ta yi nata. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, kuma tun daga lokacin ɗakin da ke kusa da zauren gidan ya zama wurin aikinta.

A wurinta labule kansa ne. Yadi kowa zai iya saya, ƙasa kuwa kowace mai keke za ta kalmashe. Idan uwar amarya ta zo zaɓen irin kan da za a yi, Azumi takan jera mata su kamar da gaske zaɓi za ta ba ta.

"Ga mai zariya," za ta ce, "wanda ake naɗe bakinsa a zura sanda kamar wandon tsoho. Wannan na ɗakin gwauro ne. Ga mai igiya, a ɗinka masa tef a ja ya tattare, ba laifi in ana sauri. Ga kuma nawa."

In wata ta yi karambanin cewa saura mai zobe, wanda 'yan yanzu ke kira ayilet, sai ta sauke tabarau ta ƙare mata kallo.

"Wanda ake huda wa hanci kamar bijimi? Ni 'yar makiyaya ce, na san abin da ake sa wa zobe. Ba a ɗakin amarya yake kwana ba."

A faɗi gaskiya, mai zobe ba shi da laifin komai. Yana zamewa a kan ƙarfe sumul, cire shi a wanke ba wahala, ba sai an zauna ana soka ƙugiyoyi ɗaya bayan ɗaya ba. Azumi ta san haka sarai. Ba dai za ka ji daga bakinta ba.

Akwai kuma abin da ya raba aikinta da na kowa. Kan labule irin nata, mai faɗin taƙi guda ba ƙari ba ragi, sai an sa masa wani abu mai tauri a ciki kafin ninkin ya tsaya. Sauran maɗinka farin tef mai tauri suke saya a kasuwa. Ita a farkon farawarta ba ta san inda ake samunsa ba, sai ta yayyanka tsohon zani, ta tsoma a sitaci, ta shanya, ta goge, ta zura a ciki. Ya tsaya, har ya fi na kasuwa jure wanki. Daga baya abin ya zame mata al'ada. Duk uwar da ta kawo aikin 'yarta, sai ta ce mata, "Gobe ki kawo mini tsohon zaninki guda, wanda kika ɗaura ya san jikinki." Ba magani ba ne, ba kuma wani asiri ba ne, ta sha faɗa wa masu tsegumi. Yarinya ce za ta bar gida ta je ta kwana a baƙon ɗaki, ai gara ta san zanin uwarta na nan bisa tagarta. Mata da yawa a Ɗan Iya sun zubar da hawaye a wannan ɗaki suna miƙa mata zani, suna kuma cewa ƙurar yadi ce ta shiga musu ido.

Humaira 'yar ƙaninta Hammajoda ce. Uwarta Ni'ima ta rasu yarinyar ba ta kai yaye ba, Hammajoda kuwa yana bin shanun mutane daga wannan daji zuwa wancan. Ranar sadakar uku Azumi ta sunkuya ta goya yarinyar da zanin da ta tarar a kan gadon marigayiyar, wata koriyar atamfa mai zanen ganye da ta fara koɗewa, ta taho da ita gida ba ta nemi izinin kowa ba. Da suka iso ta kwance zanin, ta wanke, ta ninke, ta sa shi can ƙasan akwatinta. Shi kaɗai ne abin da ya rage na Ni'ima, sauran kayan dangi sun rabe. Shekara ashirin da huɗu yana nan, ko Humaira ba ta san da shi ba.

Ta yi mata duk abin da uwa ke yi, da ma wanda uwa ke gajiya ta bari. Kitso, allo, boko, jinyar ƙyanda, faɗa da malamin da ya zane ta ba laifi. Duk da haka ba a rasa mai tuna mata. A wurin biki ko suna wata za ta ce, "Ina 'yar riƙonki?" Azumi ta amsa da fara'a, ta dawo gida ta kasa cin abinci. Humaira ma Goggo take ce mata, don da shi ta buɗe baki. Azumi ba ta taɓa neman a sauya ba. Amma a ranta abu ɗaya take jira, ranar da za a aurar da yarinyar nan a ce ita ce uwa, a kuma ga aikin hannunta a tagar 'yarta kamar yadda aka gan shi a tagar 'ya'yan mutane.

Wadda ta san wannan buri ciki da waje ita ce Saudatu. Tare suka yi amarci a layi ɗaya, tare suka fara ɗinki, keke ɗaya suka yi ta karɓa-karɓa shekara biyu. Saudatu mace ce mai bin zamani. Da mai zobe ya shigo ta sayi injin huda, ta kama shago a bakin titi wajen Wunti, aiki ya buɗe mata. Wannan bai raba su ba. Azumi na kiranta mai hujin hanci, ita kuma tana kiran Azumi gidan tarihi, su yi dariya su ci goro ɗaya. Saudatu ce ta riƙe ta ranar da Malam ya rasu. Humaira kuwa Inna take ce mata.

Da Humaira ta gama karatu ta fara koyarwa, sai ta kawo Badruddeen, wani malamin jami'a mai ladabi da ke zaune a Yelwa. Kowa ya yaba. Aka sa rana wata biyar. A lokacin idon Azumi ya fara yana, likita ya ce mata ta rabu da allura in tana son ta ci gaba da ganin hanya. Ta ce masa ta ji, saura aiki ɗaya.

Ta je Wunti da kanta ta zaɓo yadi ruwan zuma mai nauyi, wanda in aka sake shi yake sauka da kansa. Ta shimfiɗa shi a gaban Humaira tana shafawa. Humaira ta yaba yadin ƙwarai, sannan ta ce tana wasa da wayarta, "Goggo, yanzu fa mai zobe ake yayi. Duk ƙawayena shi aka yi musu."

"Ƙawayenki ba su da mai yi musu ne," in ji Azumi. "Ni ina raye a huda wa labulenki hanci? Me za a ce da ni a unguwar nan?"

Ta ƙarasa da dariya, ta ɗauka wasa Humaira take. Bakin Azumi dai ba ya barin wa mutum wurin tsayawa, wannan kowa ya sani. Humaira ta sunkuyar da kai ta ce, "Duk yadda kika gani, Goggo."

Bayan kwana uku Saudatu ta zo da awon tagogin gidan da Humaira za ta tare, taga biyar, falo da ɗaki biyu. Suna zaune su uku Azumi na shirin sa almakashi, sai Humaira ta ce, "Goggo, da za ki bar kalmasar ƙasa da faɗi, kamar taƙi guda. Gidan haya ne. In muka tashi wataƙila tagogin can su fi waɗannan tsawo, sai a saki kawai."

"Kin ji 'yar da ta tashi a ɗakin ɗinki," in ji Saudatu. "Wa zai yi wannan tunani in ba jininki ba?"

Daɗi ya kama Azumi har ta rasa inda za ta sa kanta. Sati guda tana ba maƙwabta labari, wai Humaira tun ba ta shiga gidan ba ta hango na gaba da shi. Ta bar taƙi guda cif a ƙasan kowane ƙyalle, ta kalmashe da hannu.

Zanin Ni'ima kuwa, sai da ta bari Humaira ta tafi makaranta sannan ta ciro shi. Ta daɗe riƙe da shi a cinya kafin ta iya sa masa almakashi. Ta yanka shi goma, ta tsoma a sitaci, ta shanya a bayan ɗaki inda ba mai gani, ta goge, ta zura kowanne a kan ƙyallensa ta rufe. Kafin Humaira ta dawo babu ko zaren kore a ƙasa. Niyyarta sai ranar da ta fara zuwa gidan, ta zaunar da ita ta ce, ɗaga kai ki gani, uwarki ce a sama, ni ce na ɗinka. Humaira ta san al'adar zani kamar yadda ta san sunanta, amma ba ta tambayi wanne aka sa mata ba. Azumi ta ce a ranta kunya ce irin ta gidansu.

Wata uku ta yi tana tattara. Da can aikin sati uku ne, amma yanzu sai ta fito tsakar gida inda rana ta fi haske, ta kawo ƙyallen dab da hancinta, ta kama da yatsa uku, ta soka, wani lokaci ta soki kanta. Ramin allura ya daina ganuwa gare ta sam. Humaira ce ke zura mata zare. Kullum in ta dawo daga makaranta sai ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna gefenta, ta zura allura biyar ta soka su a matashi, in sun ƙare ta sake zurawa. Suna hira, suna dariya, wani lokaci Humaira ta ce, "Goggo, ki huta haka, idonki ya yi ja." Azumi ba ta taɓa jin daɗin aiki kamar na waɗannan watanni ba.

Saura sati guda biki aka zo maganar jere. A shekara talatin ba a yi jeren amaryar da ta ɗinka wa labule ba tare da ita ba. Ita ke hawa kujera ta soka ƙugiyoyi, ta sauko ta ja da baya ta duba, ta sake hawa. Ta fara lissafin mayafin da za ta yafa, sai Humaira ta dafa gwiwarta ta ce a hankali, "Goggo, uwa ai ba ta zuwa jere."

Azumi ta tsaya cak. Gaskiya ne, uwar amarya gida take zama ta karɓi baƙi, ƙanne da ƙawaye su je su shirya ɗaki, ba ta kai amarya, ba ta kuma saurin taka gidan suruki. Ta san wannan tun tana yarinya. Ba ta dai taɓa jin an faɗe shi a kanta ba, kuma daga bakin da ta fi so ta ji. Ta tashi ta shige ɗaki wai za ta ɗauko wani abu, ta zauna a bakin gado ta yi kukanta ta more.

Washegari Saudatu ta zo ta karɓi labulen, ta ce za ta kai shago a yi musu guga da babban dutse kafin ranar jere. Azumi ta naɗe su da kanta a farin zani, ta haɗa mata da gwangwanin ƙugiyoyi da ta ɗaure bakinsa da tsumma, tana ta jaddada mata yadda za a soka su.

"Haba gidan tarihi," in ji Saudatu, "yau na fara? Ki zauna ki yi uwar amaryarki."

Aka yi biki lafiya. Azumi ta zauna a ɗaki cikin sabon leshi, mata na shigowa suna cewa ina uwar amarya, tana amsawa. Da 'yan jere suka dawo ta tare su da tambaya, ya labule, ya zauna? Suka ce ɗaki ya yi kyau, ma sha Allah, kowace na neman takalminta. Wayarta ƙarama ce mai madannai, hoto ba ya shiga, kuma ba wadda ta miƙo mata tata ta ce ga yadda ya yi. Ba ta kawo komai a ranta ba. Ta ɗauka gajiya ce.

Wata biyu, wata uku. Humaira na zuwa gaishe ta duk Juma'a, in Azumi ta ce tana so ta zo ta ga ɗaki sai Humaira ta ce, "Bari mu gama kintsawa, Goggo." Ana cikin na huɗu laulayi ya kwantar da ita. Badruddeen, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ya zo da mota bayan azahar ya durƙusa ya ce, "Mama, jikin nata ya ƙi daɗi, ko ruwa ba ya zama. Na ce bari in ɗauko ki." A hanya yana ta ba ta labari, wai duk wanda ya shigo falonsu sai ya yaba labulen, shi kuma ya ce aikin Mama ne. Azumi ta gyara zama, ta gyara mayafi. Ta shirya maganar zanin tsaf a bakinta.

Ya buɗe mata ƙofa, ya ce zai je kemis ya dawo. Ta yi sallama ta shiga. Abin da idonta ya fara ba ta shi ne launi, ruwan zuman nan nata, rana na bugunsa ta baya. Ranta ya yi fari. Ta ajiye jaka ta nufi taga, ta miƙa dogon hannunta sama don ta ji ko an soka ƙugiyoyin daidai.

Yatsunta suka taɓa ƙarfe mai sanyi. Zobe. Ta matsa gaba, wani zoben. Ta bi kan labulen daga wannan gefe zuwa wancan tana lalube, ba ninki ko ɗaya. Ta koma taga ta biyu, haka. Da farko ta ce ko wani labulen ne aka saya mai kama da nata. Sai ta durƙusa ta kama ƙasansa ta kawo kusa da ido. An saki kalmasar, an yi wata siririya da keke. Sama da ita ga layin tsohon ninki nan, an sha guga a kansa bai ɓace ba, ga kuma ramukan allurarta a jere. Ta buɗe hannu ta auna daga layin zuwa ƙasa. Taƙi guda.

A nan durƙushe ta gane komai. Ba fushin rana ɗaya ba ne, ba kuma kuskuren 'yan jere ba. An yanke kan, an saki ƙasa don tsawon ya cike, kuma ita da hannunta ta bar musu abin cikewar. Tun ranar da suka zauna su uku almakashi na hannunta an riga an gama magana. A kan kabad ɗin kwanuka ta hango gwangwaninta, bakinsa ɗaure da tsumman da ta ɗaure shi.

"Sannu da zuwa, Goggo."

Humaira ce a bakin ƙofar ɗaki, ta rame, tana dafe da bango. Ta ga inda Goggo take, ta ga abin da ke hannunta.

"Ya jikin?" in ji Azumi.

"Da sauƙi."

"Wa ya yanke?"

Humaira ta ce, "A shagon Inna Saudatu aka yi. Ranar da ta karɓa guga."

"Wannan taƙin fa? Na gidan da za ku koma ne?"

Humaira ta zame ta zauna a ƙasa. "Na faɗa miki ina son mai zobe, Goggo. Sau ɗaya na faɗa kika yi dariya, na kasa sakewa. Na je na gaya wa Inna. Ita ta ce kada a ɓata miki rai, a bar ki ki yi naki, daga baya a gyara. Ta ce kafin ki zo gidan an daɗe, idonki kuma..."

"Ita ta ce ki ce mini uwa ba ta zuwa jere?"

Humaira ta gyaɗa kai tana kallon ƙasa. Azumi ta ji abin ya soke ta fiye da zoben, fiye da taƙin. Maganar da ta shiga ɗaki ta yi wa kukan daɗi, ashe ƙofa ce aka rufe mata da ita.

"Wata uku kina zura mini zare," ta ce. Muryarta ba ta tashi ba, ita da ake ji daga zaure. "Kina kallo ina soka yatsana. Da kin buɗe baki kin ce Goggo ba na so, da na yi faɗa, na yi kwana biyu ba na kula ki, in kai wa Saudatu da kaina ta huda. Faɗana kika ji tsoro, ba ki ji tsoron wannan ba?"

"Ki yafe mini, Goggo."

"Ina kawunan?"

"A shago aka bar su. Masu cusa filo na zuwa kwasar ƙyallaye duk Asabar."

Azumi ta rufe ido. Maganar da ta shirya a mota tana nan a bakinta, sai dai ba haka ta so ta fito ba.

"Zanin da ke cikinsu na Ni'ima ne. Koriyar atamfa. Da shi na goyo ki daga ɗakinta ranar sadakar uku. Shi kaɗai ya rage nata a duniya, shekara ashirin da huɗu ina ajiye miki. Na ce ranar da na zo zan nuna miki."

Humaira ta ɗago kai. Ta dubi saman tagar, ta dubi Goggo, sai kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka kai ta. Ta rarrafo ta kama ƙafafun Azumi tana girgiza kai.

"Wallahi ban sani ba, Goggo. Wallahi da na sani ba mai taɓa shi. Na ɗauka naki ne."

Gaskiya ta faɗa, daga zuciyarta kuma, ba ta ma ji abin da ta ce ba. Azumi ta ji. Ta dubi kan yarinyar a kan ƙafafunta, kan da ta yi wa kitso shekara da shekaru, ta sa hannu ta gyara mata ɗankwalin da ya zame.

"Na sani," ta ce. "Tashi ki kwanta. Bari in dama miki kunu."

Ta dama kunun tsamiya, ta zauna har ta ga ya zauna mata a ciki. Da Badruddeen ya dawo ta ce masa ya bar motar, keke napep za ta hau, tana da inda za ta biya. Ba ta biya ko'ina ba.

Humaira ta bi masu cusa filo har wurin aikinsu da jikinta ya yi ƙwari, ba ta samo ko ƙyalle ɗaya ba. Saudatu ta zo har gida da goro da dogon bayani, wai don a zauna lafiya ta yi. Azumi ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo mata ruwa, ta saurare ta har ƙarshe, ta raka ta zaure. Yanzu in sun haɗu a wurin biki suna gaisawa sosai, har da tambayar mutanen gida. Ba ta ƙara ce mata mai hujin hanci ba.

Allura kuwa ta cire ta daga ɗankwali, likita ya samu yadda yake so. In uwar amarya ta zo neman tattara, sai ta ce ido ya ƙi, ta kuma ƙara da cewa a tambayi yarinyar abin da take so, a tambaye ta sau biyu.

Da Humaira ta haihu, Azumi ta tare a Yelwa ta yi mata wankan jego na kwana arba'in, ba ta rage komai ba. Ta ce ta yafe, kuma ba wanda ya isa ya ce ƙarya take. Da safe ita ke zuge labulen falo, yana tafiya sumul a kan ƙarfensa. Ranar suna gida ya cika, wata baƙuwa daga dangin Badruddeen ta shigo da turmin atamfa tana tambaya, "Ina uwar mai jego? A nuna mini ita in yi mata barka."

Mata suka nuna Azumi, Humaira ma daga kan gado ta nuna ta. Azumi tana tsugunne tana wanke kayan jariri a baho. Ta ɗago ta share hannu a zani.

"Goggonta ce ni," ta ce. "Uwarta ta rasu tun tana goye."

Ta karɓi atamfar da hannu biyu, ta yi godiya, ta koma kan wankinta.